Laka a Hancin Jirgi

Lawali ne ya kashe Madam Tabawa. Bai taɓa ganinta ba, bai ma san sunanta ba sai daga baya, kuma ba wanda ya tuhume shi a kan ranta. Duk da haka shi ya kashe ta, da almakashi da kwaɗayin raguna.

A bazarar 2010 abin ya faru. Daminar da ta gabata ba ta yi ba, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, sojoji kuma sun karɓi mulki tun watan Fabrairu. Makiyaya suka riƙa gangarowa Yamai da dabbobin da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, suna sakin su yadda aka taya. Ma'aikata da yawa suka zama masu kiwo a shekarar nan. Tunanin kowa ɗaya ne: ka sayi rago yana tangaɗi, ka riƙe shi har Layya, ka sayar da shi ya yi ƙiba. Abin da ya karya yawancinsu shi ne ciyawa, don ta fi ragon tsada.

Lawali ba shi da wannan damuwa. Shi ne shef, wato shugaba, na ma'aikatan ƙasa a wani ƙaramin kamfani mai jirgi guda ɗaya tak. In jirgin ya sauka, shi da mutanensa ke tarbarsa, su sa masa katako a gindin taya, su share shi, su rufe abin da ake rufewa. Cikin shingen filin jirgin kuwa akwai abin da babu shi a duk kewayen Yamai. Ba dabbar da ke shiga wurin, saboda haka ciyawar bara da ta bara waccan tana nan kwance a gefen titin jirgi, busasshiya, mai kyau, ba mai taɓa ta. Lawali ya daɗe yana kallonta. Ya yi magana da wani sarja cikin sojojin da aka sa gadin ƙofar baya, suka fahimci juna. Aka shigo da raguna a bayan motar kaya, wasu na Lawali, wasu na sarjan, aka ɗaure su bayan rumfar gyaran jirgi, inda ba a hangen su daga hasumiya.

Lawali ba mugun da ake nunawa da yatsa ba ne. Yana salla a kan lokaci, yana zuwa suna da jana'iza, bai taɓa dukan ma'aikaci ba. Irinsa sun fi yawa, kuma sun fi ɓarna.

Raguna masu rama duk kamarsu ɗaya. Ba a daɗe da kawo su ba ɗaya ya mutu, aka yi ta gardama a kan ko na wa ne. Lawali ya ce ba za a sake ba. Ya shiga ɗakin ajiya, ya jawo aljihun tebur, ya fito da hulunan bututu.

Sai an san mene ne su kafin a san girman abin da ya yi. A hancin jirgin, ƙasa da tagar matuƙa, akwai bututu uku na ƙarfe, kowane bai fi tsawon tafin hannu ba, bakinsa kuma ɗan ƙaramin yatsa ba ya shiga. Gaba suke fuskanta. In jirgi na gudu, iska na cusa kanta ciki, kuma da ƙarfin wannan cusawa ne jirgi ke sanin saurin da yake yi. In ya tsaya a ƙasa, doka ce a sa wa kowane bututu hula don kada wani abu ya shiga. Kowace hula tana da doguwar jela ta jan ƙyalle, mai farin rubutun Nasara da ke cewa a cire kafin tashi. An yi jelar don a hango ta daga nesa. Hular da ba ta da jela ba a sa ta, don in aka manta da ita jirgi zai tashi a makance.

Lawali ya sa almakashi ya yanke jelar nan ta kowace hula, ya tsattsaga, ya ɗaura wa ragunansa a wuya. Ƙyallen mai ƙarfi ne, rana ba ta cinsa. Hulunan ya mayar da su aljihun tebur. A ransa ya ce zai nemo wasu, kuma ai jirgin ba ya daɗewa a ƙasa, kwana ɗaya ne ya koma.

A wannan karon bai koma ba. Izinin tashi na kamfanin ya maƙale a wata ma'aikata, inda sababbin mutane ke zaune a kujerun da ba su saba da su ba. Kowace safiya a ce gobe zai tashi. Jirgin ya kwana a fili, ya sake kwana, har aka wuce mako, hancinsa a buɗe.

Wanda aikinsa ne sa hulunan shi ne Sumana, Bazabarme daga Gudel, mai iyali, ya ma girmi Lawali. Tun da raguna suka zo Lawali ya ba shi lauje da buhu. Da safe ya yanko ciyawa, da rana ya cika rabin tanon ƙarfe, wato ganga, da ruwan famfon da ke jikin bangon rumfar. Tanon na yoyo, ragunan kuma na ture shi. Ƙasar wurin ta jiƙe ta zama laka, ita kaɗai ce ɗanyar laka a duk faɗin filin a wannan bazara. Zanzaro bai ɗauki lokaci ba ya gano ta. Shi ba abin da yake nema a duniya sai laka da ɗan rami mai duhu, ya yi ɗaki, ya cusa tsutsa, ya yi ƙwai, ya liƙe.

Lawali Bagobiri ne daga Tibiri, saboda haka akwai wasan taubashi tsakaninsa da Sumana. Ta nan Sumana ya bi. Wata rana yana ɗauke da buhun ciyawa ya tsaya ya ce, “Bawana, jirginka na kwana kai ba hula, ragunanka kuwa har da rawani. Haka ake sarauta a Gobir?”

Lawali na zaune a inuwa yana shan shayi. Ya ce, “Wuce ka ba su abinci, Bazabarme. Kakanka ma ciyawa ya yanka wa kakana, bai tambaye shi zancen jirgi ba.”

Suka yi dariya su duka biyun. An yi wasan taubashi don mutum ya iya gaya wa wanda ya fi ƙarfinsa gaskiya ba tare da an yi faɗa ba. Amma ƙofar da mai faɗa ke shiga, ta nan mai ji ke fita, sai ya ce wasa ne. Sumana ya sake faɗa wata rana da wata ba'ar, aka sake dariya. Bai taɓa ajiye buhun ya faɗa da fuskar da ba wasa ba. Shi ma yana da nasa kason na laifin.

Madam Tabawa mutuniyar garin Tawa ce, ta shekara ashirin da wani abu tana koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, a Talaje. Unguwar na ƙarƙashin hanyar jirage. Duk sanda ɗaya ya taso ƙara kan cika ajin, ita kuma sai ta tsaya da alli a sama, a tsakiyar kalma, har ya wuce, sannan ta ƙarasa kalmar daga inda ta tsaya. Yaran da suka bi ta hannunta duk sun koyi haka. Ita kanta ba ta taɓa shiga jirgi ba.

Zuciyarta ce ta lalace. Likita ya ce wata ƴar ƙofa a ciki ba ta rufuwa, jini na komawa baya, kuma aikin ba a yin sa a nan, sai Tunis. Ta bi layin fitar da marasa lafiya na gwamnati kusan shekara. An kusa gamawa aka yi juyin mulki, wanda zai sa hannu ya bar kujera, aka koma farko. Sanda aka ce ta shirya, ƙafafunta sun kumbura ba sa shiga takalmi, barci ma a zaune take yi. Likitan ya gaya wa mai rakiyarta, ba ita ba, cewa in ba a yi aikin kafin damina ba, ba sai an yi ba.

Mai rakiyar ita ce Rebeka, ma'aikaciyar jinya, ƴar Dogon Dutsi, wadda katanga ɗaya ta raba gidajensu. Ta kan katangar nan suke miƙa wa juna naman Layya da shinkafar Nowel, wato Kirsimeti, tun ƴaƴansu na rarrafe. A makon jiran jirgi kullum sai an ɗaure jaka da safe, a kira kamfanin, a ji gobe, a kwance ta. Rebeka na fitar da kilishi da yaji, Tabawa na mayarwa in ta juya baya.

“Yaya, gishirin nan ne zai kai ki, ba ciwon ba.”

“Ba ni zan ci ba, ƴar Dutsi. Likitan Larabawan zan ba. Mutum zai buɗe miki ƙirji, ki je masa hannu Rabbana?”

Rebeka ta bar kilishin.

Ranar da izinin kamfanin ya fito, an sa tashi da hantsi. Zafi ya riga ya sauko, kwalta na ƙyalli kamar an zuba ruwa. Aka kawo Tabawa a ambilans, maza biyu suka hau da ita matakala a kan kujera. Ta roƙi a ba ta wurin taga, tana so ta ga lakwal ɗinta daga sama.

Matuƙa biyu ne. Babban, Kwamanda Tanimu, mutumin Damagaram, ya yi furfura, ya fara tuƙi tun zamanin jiragen da ake ja da ƙarfin hannu. Mataimakinsa Markus, ɗan wani malamin lakwal daga Maraɗi, bai taɓa ɗaukar fasinja a wani irin jirgi ba sai wannan. Markus ne ya zagaya jirgin a ƙasa kamar yadda aka saba. Ya ɗaga kai ya dubi bututun nan uku, ya ga ba hula a kansu, ya ɗauka da safe aka cire. Bakinsu tsaf. Lakar na can ciki, inda ido ba ya kai. Lawali na tsaye da rigarsa mai ƙyalli, ya ɗaga masa hannu alamar komai daidai.

Jirgin irin na zamani ne, kuma yana da halinsa. A jiragen da, sandar da ke hannun matuƙi tana haɗe da fikafikai da wutsiya ta igiyoyin ƙarfe, abin da ya ja shi ke motsi. A wannan ba haka ba ne. Sandar ƴar ƙarama ce, a gefe take, waya ce kawai ke fita daga gare ta zuwa ordinatar, wato kwamfutar jirgin. Matuƙi na faɗa wa ordinatar abin da yake so, ita ke motsa fikafikan. Kuma an ba ta ikon ƙi. In ya ɗaga hanci har jirgin zai rasa iskar da ke riƙe da shi ya faɗo, ba ta bari. In ya karkata shi fiye da ƙima, sai ta tsayar. In gudu ya yi yawa har jikin jirgin zai wahala, sai ta ɗaga hancin da kanta don ya rage. Kariya ce mai kyau. Amma ordinatar ba ta da taga, abin da aka gaya mata shi ta sani. Shi ya sa aka yi bututun uku, kamar shaidu uku. In ɗaya ya saɓa wa biyu, sai ta jefar da maganarsa ta bi biyun.

Zanzaro ya yi gini a biyu.

Ginin bai toshe su gaba ɗaya ba. Sanda jirgin ya fara gudu a titi, iska ta samu ƴar kafa ta shiga, lambobin gudu suka hau daidai a gaban kowane matuƙi, ba wanda ya ga dalilin tsayawa. Ana cikin ɗagawa ƙarfin iskar ya tura lakar can ƙurya, ta zauna daram, ta kulle iskar da ta riga ta shiga. Daga nan bututun biyu suka daina jin gudu. Iskar da ke kulle a cikinsu tana nan da nauyinta na ƙasa, ta waje kuma tana ƙara sauƙi yadda jirgin ke hawa. Bambancin sai ƙaruwa yake, ordinatar kuma na karanta shi a matsayin gudu. Shaidu biyu suka yi ƙarya iri ɗaya a lokaci ɗaya. Ordinatar ta yi abin da aka koya mata, ta kori na ukun, mai gaskiya.

Sun ƙetare gulbi suna hawa. Ordinatar ta ga gudu na yawa, ta rage wa injuna wuta. Lambar ba ta sauka ba, don hawa ake yi. Ƙararrawa ta fara kuka. Sai ordinatar ta ɗaga hancin jirgin don ta kare shi. Ɗaga hanci ya ƙara hawa, hawa ya ƙara lambar, lambar ta sa ta ƙara ɗagawa. A gaskiya kuwa jirgin rage gudu yake yi, ɗauke da mutum ɗari da wani abu da man da zai ƙetare hamada.

Markus ya ce gudu ya yi yawa, yana karanta abin da ke gabansa. Tanimu ya kasa kunne. Ya ji ƙarar iskar da ke bugun gilashi tana raguwa, ya ga hanci a sama, injuna a ƙasa. Jirgin da ke haka ba ya gudu, ko me allo ya ce. Ya karɓi tuƙin, ya ƙara wa injuna wuta, ya danna sandar gaba iyakarta. Hancin ya ɗan sunkuya, ya koma. Ordinatar na ganin tana hana shi kashe kansa.

“Dubi ƙaramin agogon,” in ji Tanimu.

Akwai wani ɗan agogon gudu na ajiya da ke sha daga bututu na uku kai tsaye. Markus ya duba. Allurarsa na can ƙasa, tana ƙara sauka.

“Wanne za mu yarda da shi, Kwamanda?”

“Ba ko ɗaya. Kashe bututu na ɗaya da na biyu.”

Markus ya san me hakan ke nufi, an koya musu. Hannunsa ya ɗan tsaya a sama kusa da maɓallan, sannan ya danna.

Da shaida ɗaya ya rage mata, ba wanda za ta gwada shi da shi, ordinatar ta janye. Rubutu ruwan ɗorawa ya fito a allo cewa kariya ta tafi. Wannan shi ne mataki na biyu, ƙasa da na cikakkiyar kariya. Har yanzu ita ke motsa fikafikan, tana gyara ƴan ƙananan girgiza, kuma in jirgin ya kusa faɗuwa za ta yi kuka. Amma ba za ta ƙara hana kowa komai ba. Hancin ya faɗi lokaci guda, don sandar na danne.

A baya mutane suka ƙanƙame kujerunsu. Wata jaka ta faɗo, wani ya fara salati da ƙarfi, wasu suka kama. Rebeka na riƙe da wuyan hannun Tabawa, tana jin bugun yana tsalle yana ɓacewa. Tabawa ta jingina kai da kujera. Leɓɓanta sun yi duhu. Rebeka ta ƙara mata iskar numfashi ta kwalba.

Tanimu ya ajiye hancin a inda ya san ya kamata, ya ajiye injuna a ƙarfin da ya san yana riƙe jirgi mai wannan nauyi, ya daina kallon lambar gudu. Jirgin ya zauna. Ya ce wa Markus ya kira hasumiya, za su koma.

Da aka sanar da fasinjoji, Rebeka ta kira mai hidimar jirgin ta ba ta saƙo. Ta ce a gaya wa kwamanda akwai mara lafiya da ta jira shekara, in aka sauke ta yau ba lalle ta ga wani jirgin ba. Ta ce ai jirgin ya daidaita, injuna na aiki, me zai hana a ci gaba. Saƙon ya isa. Markus ya dubi Tanimu.

Tanimu ya san abin da Rebeka ba ta sani ba. Can sama inda ake ƙetare hamada iska ba ta da kauri, tazarar da ke tsakanin gudun da ya yi kaɗan da wanda ya yi yawa ƴar siririya ce. Ba a shiga wurin da jirgin da bai san gudunsa ba, kuma ba wanda ya san ko bututu na ukun ma da abu a ciki. In aka bi ƙasa-ƙasa, man ba zai kai ba.

“Ki ce mata na ji,” ya ce wa mai hidimar. “Ki ce mata komawa za mu yi.”

Hukuncinsa daidai ne. Daidai ɗin bai amfani Tabawa da komai ba.

Jirgin ya yi nauyi da sauka, irinsa kuma ba ya zubar da mai, sai suka yi ta kewaya bisa gulbi don su ƙona abin da ya sawwaƙa. Ruwan ya janye, tsibiran yashi sun fito a tsakiya, shanu na tsaye a kai ba abin ci. Suka wuce Tondibiya, suka bi ta kan lambunan Gudel, ɗan koren da ya rage, suka juyo. A juyi na ƙarshe fiffike ya sunkuya wajen Talaje. Tabawa ta manna goshi da taga ta daɗe.

A ƙasa Lawali na bayan rumfa yana matsa gadon bayan wani rago don ya ji ko kitse ya fara, sai ya ji jiniyar motocin kashe wuta. Aka ce jirginsu ne ke dawowa, agogon gudunsa ya rikice. Ya gane nan take. Sarjan ma ya gane, har ya kawo mota da mutanensa suna loda nasa ragunan. Lawali ya kai hannu wuyan ragon zai kwance ƙyallen, sai ya dubi motar. In ya cire alamar, ba abin da zai hana su haɗa da nasa. Ya janye hannun.

Da matuƙan suka saki tayoyi, ordinatar ta janye sauran hannunta. Haka aka yi wannan jirgi, in kariya ta riga ta tafi, fitar tayoyi na kai shi mataki na uku. Yanzu gwargwadon yadda sandar ta motsa haka fiffike ke motsi, ba mai gyarawa a tsakani. Daidaita nauyin hanci ma sai da hannu, da wani faifai da ke gefen gwiwa. Markus bai taɓa jin jirgin haka ba sai a ɗakin koyo. Tanimu ya juya faifan, ya ce wannan dai ya san shi.

Ya zo da gudu fiye da yadda ake zuwa, da gangan, don gara yawa da kaɗan. Jirgin ya daki ƙasa, ya yi tsalle, ya sake dira. Tayoyi biyu suka fashe. Ya tsaya kusa da ƙarshen titin, birki na hayaƙi. Ba wanda ya ji rauni. Tabawa ce ta ƙarshe da aka fitar, a kan kujerar da aka hau da ita. Tanimu na tsaye a ƙofa, rigarsa jiƙe da gumi. Ta ce masa sannu da aiki. Ya matsa aka wuce da ita. Da yamma rediyo ta ce an gode Allah, ba a yi asarar rai ba.

Washegari wani injiniya ya hau tsani, ya kwance bututun, ya buga ɗaya a kan farar takarda. Busasshiyar laka ta zubo, da ƴar koriyar tsutsa a naɗe. Jandarmomi suka tambayi inda hulunan suke. Aka jawo aljihun tebur, ga su nan uku, kowace da guntun jela. Ba su wahala wajen neman sauran ba, kukan raguna ya kai su bayan rumfa. Na Lawali kaɗai suka rage, suna tsaye cikin laka, sun fara murmurewa, kowane da jan ƙyalle a wuya da guntun farin rubutu. Zanzaro na sauka yana tashi a gindin tanon.

Aka tambayi Lawali. Ya ce ai kullum cewa ake gobe zai tashi. Aka tambayi Sumana ko ya taɓa yin magana, ya ce ya yi. Lawali ya ce wasa ne, kowa ya san tsakaninsu. Sumana bai musa ba.

An mayar da Tabawa asibiti. Jirgin sai an kwance ƙafafunsa an duba, kayan daga waje za su zo, kamfanin kuma ba shi da wani. Izinin fitarta da sunan wannan kamfani aka yi shi, a mayar da shi wani sai an koma ma'aikatar. Rebeka ta yi ta zuwa in ta tashi aiki. Ba wanda ya wulaƙanta ta. Kowa na ba ta kujera, ya jinjina kai, ya ce ta dawo gobe.

Tabawa ba ta taɓa tambayar yadda ake ciki ba. Wata rana da la'asar Rebeka na gyara mata matashi, ta ce, “Ƴar Dutsi, kin ga rufin ajinmu?”

Rebeka ta ce ba ta duba ba, hankalinta na kan hannun da take riƙe da shi.

“Kwano ɗaya ya ɗaga a kusurwar gabas. Daga ƙasa ba a gani. Ki gaya wa direkta ya sa a buga kafin ruwa.” Ta huta. “Na dai shiga jirgi, ko ba haka ba?”

“Kin shiga, Yaya.”

“To.”

Ta rasu kafin ruwan farko. Rebeka ta kai jakar gida ba ta buɗe ba. Ƴar Tabawa ce ta buɗe daga baya, ta tarar da kilishin a naɗe cikin takardarsa. A zaman makoki tsakar gida ta cika da waɗanda ta koyar, wasu da goyo, wasu da kakin aiki. Ana cikin gaisuwa jirgi ya taso. Rabin mutanen suka yi shiru a tsakiyar kalma, suka jira ya wuce, suka ƙarasa. Ba wanda ya dubi wani. Rebeka ta je ta gaya wa direktan zancen kwanon, aka buga shi.

Ragunan an ce shaida ne, kada a taɓa su har a gama bincike. Aka ɗaure famfon da waya saboda zanzaro. Ba wanda aka ba aikin shayar da su, suka mutu a ɗaure ɗaya bayan ɗaya. An kori Sumana, ya koma lambun ƙanensa a Gudel. Sarjan an canja masa wurin gadi.

A kotu an yi maganar jirgi, da tayoyi, da hulunan kamfani da aka lalata, da rayukan da aka jefa cikin haɗari. Ba a ambaci Tabawa ba, don a gadon asibiti ta mutu, da ciwon da ta daɗe da shi. An kori Lawali daga aiki, aka ɗaure shi shekara huɗu a gidan kaso. Ya yi su duka.